Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ƙananan Tsuntsaye a Tsakar Gida Lokacin Bazara

A nahiyar Amurka, masu ɗaukar hoto kan rataya mazubin ruwan sukari a harabar gida domin jawo hamingbad, ɗan tsuntsun nan mai tsayawa cak a iska yana kaɗa fikafikai kusan sau 50 a daƙiƙa guda, musamman idan ya taso ƙaura zuwa arewa a watannin Maris da Afrilu. Ba mu da shi a Afirka, amma a Maradi muna da ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da ke shan ruwan fure, ga kuma tsuntsaye masu ƙaura da ke yada zango a yankin Sahel a daidai wannan lokaci kafin su tsallaka Sahara zuwa Turai.

A wurinmu ruwan sha ya fi sukari jan tsuntsu, domin a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, Gulbin Maradi kuma ya ƙafe. Ka sami kasko marar zurfi, ka zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ka ajiye shi a inuwar darbejiya inda kyanwa ba za ta iya laɓewa ba. Sannan ka kafa busasshen reshe kusa da kaskon, saboda tsuntsu yakan fara sauka a kan reshe ya waiwaya dama da hagu kafin ya sa baki a ruwa, kuma a ganina hoton da aka ɗauka a wannan ɗan tsaiko ya fi na bakin kasko kyau nesa ba kusa ba. Idan ka nace sai ruwan sukari, a haɗa kashi 1 na farin sukari da kashi 4 na ruwa, ban da zuma ko launi, a riƙa sauya shi kullum tun da zafi kan sa ya yi tsami.

Hasken hantsi da na bayan la'asar su ne abin nema, rana tana bayanka, domin ƙyallin kore da shuɗi da ke wuyan namijin tsuntsu mai shan ruwan fure ba ya fita sai haske ya same shi ta gaba. Da tsakar rana baƙi ƙirin zai fito. Ka duba abin da ke bayan reshen, kada igiyar shanya ko buhun gero su shigo hoton.

Mai kamara ya sa saurin ɗauka a kan 1/2000 na daƙiƙa idan yana son kama fikafikai a buɗe, ya saita idon kamarar a kan idon tsuntsun, ya ɗauki hotuna da yawa a jere. Mai waya kuwa ya kafa ta kusa da reshen, ya kunna bidiyo, ya koma zaure ya zauna, daga baya ya zaɓo hoton da ya fi fitowa.