Kurakuran da ke ƙara wa ciwon waswasi ƙarfi

Mai ciwon waswasi, wanda likitoci ke kira OCD, ya fi yin tuntuɓe wajen ɗaukar duk tunanin da ya faɗo masa a matsayin shaida a kan halinsa. Uwa tana riƙe da jaririnta, sai tunanin jefar da shi ya gilma mata a rai, nan take ta yanke wa kanta hukunci cewa ita muguwa ce. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Rachman da de Silva suka wallafa a 1978 ya nuna cewa mafi yawan masu lafiya ma irin wannan tunani kan gilma musu. Su dai suna barinsa ya wuce ne, mai waswasi kuwa sai ya tsaya yana tuhumar kansa.

Korar tunanin da ƙarfi ma ba ta fisshe shi. A wani gwaji a 1987, masanin halayyar ɗan Adam Daniel Wegner ya ce wa wasu mutane kada su tuna farin beyar, wata babbar dabbar daji, na minti 5, sai beyar ɗin ya yi ta dawo musu. Gyaran shi ne ka ce a ranka, "ga shi nan ya sake zuwa," ka ci gaba da aikin da ke gabanka, ba gardama.

Wanda ya fi ɓarna a ganina shi ne neman tabbaci, don kama yake da hankali. "Kin tabbata na kulle ƙofar?" "Anya wannan kullutun ba ciwon daji ba ne?" A ba shi amsa, hankalinsa ya kwanta na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa ba a samun sauƙi sai an tambaya. Gobe amsa ɗaya ba za ta isa ba. Haka mai fargabar rashin lafiya yake: ya auna bugun zuciyarsa, ya kwana yana duba alamomin cuta a intanet, sakamakon gwaji ya fito lafiya lau ya ce ai na'urar ce ta yi kuskure. Shi ya sa a kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 aka sa wannan fargaba a dangin ciwon waswasi. A riƙe likita ɗaya, a yi yarjejeniya da shi kan lokacin da ya dace a yi gwaji. Dangi kuma, da tausayi ke sa su amsa sau goma, su koyi cewa, "Na riga na amsa maka, ba zan maimaita ba, amma ina nan tare da kai."

Wasu kan ce ba sa yawan wanke hannu ba sa yawan duba ƙofa, don haka ba su da ciwon. Amma ƙirge a zuci da bitar hirar jiya don a gano ko an yi laifi, duk maimaici ne irin na mai waswasi.

Hanyar jinyar da ta fi tasiri ta samo asali ne daga aikin masanin halayyar ɗan Adam Victor Meyer a Landan a 1966: a fuskanci abin tsoron, a ƙi yin abin da aka saba yi don samun sauƙi, har fargabar ta lafa da kanta. Daga mai sauƙi ake farawa, tare da ƙwararre. Magani irin su sertraline da fluoxetine kan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu, don haka wanda ya ajiye a mako na uku ya yi gaggawa. Dainawar ma sai likita ya tsara yadda za a rage a hankali.