Yadda na gyara tukunyar dafa giya ta lantarki mai ɗaukewa kafin tafasa

Matsalar ita ce: jiƙon tsiron sha'ir yana tafiya daidai a digiri 66, amma da na ɗaga kwandon hatsi (kwando mai ramuka da tsiron ke jiƙa a cikinsa a cikin tukunyar) na ƙure wuta don a tafasa, sai tukunyar ta ɗauke ɗif. Na canza soket, na gwada ma'aunin zafinta da wani na hannu, duk lafiya lau.

Sai da na juye ruwan na ga ƙanzo baƙi ƙirin ya manne a gindi, daidai saman abin dumama. Garin tsiro ne ke zurarewa ta ramukan kwando ya kwanta ya ƙone, zafi ya taru a wurin, makunnin kariya ya yanke wuta. Aikinsa ya yi.

Na jiƙa gindin da ruwan ɗumi da hodar tsami ta sitirik, na goge da soso mai laushi (ban da na ƙarfe, yana karce shi), na danna maɓallin sake kunnawa da ke ƙarƙashi. Sannan na buɗa tazarar injin barza zuwa milimita 1.3, don ƙwayar ta fashe kawai, kada ta koma gari. Na cuɗa buntun shinkafa a cikin hatsin don ruwa ya riƙa ratsa shi da sauƙi, kashi 5 cikin ɗari na nauyin hatsin. Bayan zuba hatsi na bar shi minti 10 kafin kunna famfon da ke zagaya da ruwan ta cikin hatsin, bawul ɗinsa kuma rubu'i kawai na buɗe, ina ƙarawa a hankali. Wutar jiƙo wat 500. Cikakken ƙarfi sai kwando ya fita.

Hankalina ya kwanta: tafasar minti 60 ba yankewa, gindin tas.