Kurakuran da ke cinye kuɗin aike kafin su iso Maraɗi

Da wuya ka shiga gida a Maraɗi ba ka tarar da wanda ke jiran aike daga wani wuri ba: ɗa yana ci-rani a Tamanraset ko Libiya, ƙane yana sayar da kaya a Abijan, wani yana karatu a Faransa, ga 'yan uwa birjik a Katsina da Kano. Kuɗin guminsu ne, kuma yana ba ni takaici in ga yadda wani kaso ke zubewa a hanya. Bankin Duniya ya sha nuna cewa aika kuɗi zuwa Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin 100, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Wani ɓangaren asarar ba laifinmu ba ne. Wani kuwa mu ke jawo shi.

Babban kuskure shi ne mutum ya tambayi kuɗin aike kawai ya tsaya nan. Kamfani yana cin riba ta ƙofa biyu: ladan da yake rubuta maka a takarda, da farashin canjin da yake ba ka. Ta biyun ce ba a gani. A ce ɗanka yana Amurka zai turo dala 500, wani kamfani ya ce aiken kyauta ne, amma a kowace dala ya rage sefa 10 daga farashin kasuwa. Jaka biyar ke nan ta tafi, ba wanda ya ambace ta. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: idan na ba ku kaza, sefa nawa za su shiga hannun mai karɓa? A yi ta a wuri biyu ko uku a rana guda, a zaɓi inda adadin ya fi yawa.

Ga masu 'yan uwa a Faransa, Beljiyam ko Italiya, akwai lambar da ya kamata su haddace: yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato 656 saura kaɗan, kuma ba ya motsi tun 1999. Yuro 200 ya kama sefa 131.191. Duk wanda ya ce maka yuro ya faɗi yau, shi ya sa ya ba ka ƙasa da haka, wani lada ne ya ɓoye. Haka kuma daga Abijan, Kwatano, Lome, Wagadugu, Bamako ko Dakar, kuɗi ɗaya muke amfani da shi, na bankin BCEAO, babu canji sam. A wannan hanya kamfanoni irin su Nita, Al Izza da Amana suna da rassa a biranen yankin da dama, sai a gwada farashinsu kafin a nufi Western Union ko MoneyGram don sabo kawai. Sefar Kamaru, Gabon da Chadi darajarta ɗaya da tamu, amma takardarta daban ce, ba a sayen gero da ita a kasuwar Maraɗi. Wanda ya ɗauko ta a aljihu, ɗan canji zai yanke nasa.

Naira kuwa labarinta daban, kuma a nan mutanenmu suka fi ƙonewa, don tsakaninmu da Katsina tafiyar 'yan sa'o'i ce ta Ɗan Isa da Jibiya. Tun da gwamnatin Najeriya ta saki farashin naira a watan Yunin 2023, abin da aka faɗa da safe ba lalle ya kai la'asar ba. Mutum a Kano zai tura naira asusun ɗan canji, sai bayan kuɗi sun shiga a fara maganar farashi. A lokacin wuƙa da nama suna hannun ɗan canji. A daidaita tukuna, naira kaza sefa kaza, a sa shi ya faɗa a saƙon murya, sannan a tura. Idan kai ne za ka ba da sefa, kada ka yarda da hoton da aka nuno maka a waya ko saƙon alat. Buɗe asusunka ka ga kuɗin sun zauna. Na taɓa miƙa jaka arba'in saboda kunyar in sa dattijo ya jira minti biyar, kuma har yau nairar ba ta shigo ba.

Sai maganar suna, wadda ta sha mayar da tsofaffi gida hannu rabbana bayan sun biya kuɗin kabu-kabu. Katinmu na ɗan ƙasa da rubutun Faransanci yake: Ousmane, Aboubacar, Mahamadou, Hadiza. Mai turowa daga Kano ko Saudiyya sai ya rubuta Usman, Abubakar, Muhammad, Khadija. A wurinmu mutum ɗaya ne, a kwamfuta mutum biyu. Kafin a tura, mai karɓa ya ɗauki hoton katinsa ya aika, a kwafe harafi bayan harafi, a kuma duba ko katin bai ƙare ba. Idan Inna ba ta da kati, a tura da sunan wanda zai je ya karɓo mata.

Lambar karɓa, wadda muke ce wa kod, kamar kuɗin ce kanta. Ta Western Union lamba 10 ce, ta MoneyGram 8. Ba a jefa hoton resi a zauren WhatsApp na dangi, ba a karanta ta ga wanda ya bugo yana cewa shi ma'aikacin kamfani ne. A ajiye resin har sai an ji kuɗi sun shiga hannu.

Wasu kuma suna turowa kaɗan-kaɗan, jaka biyar yau, jaka biyar jibi. Yawancin kamfanoni matakai suke sa wa ladansu, kuma ƙaramin aike ya fi jin nauyinsa. In babu gaggawar asibiti, haɗa su sau ɗaya a wata ya fi sauƙi, amma na san gidajen da idan kuɗin wata ya zo a dunƙule ba ya kai sati, su kam gara su biya ladan sau biyu. Wanda ke karɓa ta Airtel Money, Moov Money ko Zamani Cash ya tuna da kuɗin cirewa, mai turowa ya ɗora shi a kai tun farko.

Ba da kuɗi a hannun direba ko matafiyi shi ne mafi arha a ido, kuma daga Aljeriya da Libiya sau da yawa ta hannun 'yan kasuwa ake bi, a ba da dinari can a karɓi sefa nan. In dole ta sa, a bi wanda ke da shago tsayayye a gari, a fara gwada shi da kaɗan, kuma kada a ɗora masa kuɗin shekara guda a tafiya ɗaya.