Yadda ake rage gurnanin inji a ɗaki da sauti mai kishiyantarsa

Sauti ba komai ba ne illa iska tana matsewa tana saki. Idan lasifika ta saki iska daidai lokacin da hayaniya ke matse ta, kuma da ƙarfi iri ɗaya, sai su cinye juna. Paul Lueg ya samu rajistar wannan dabara a Amurka tun 1936, kuma ita ce a cikin abin kunne mai kashe ƙara. Amma a kunne gurbin da ake kula da shi ɗan ƙanƙane ne. A ɗaki kuwa sauti na karo da bango, rufi da daɓe, ya iso kowane wuri a lokaci dabam. Shi ya sa dabarar ke cin gurnani mai kauri wanda ba ya sauyawa, kamar na fanka, taransifoma, janareta ko bututun iska, ta kasa taɓuka komai a kan hira, kukan yaro ko ham ɗin mota.

Kafin ka sayi komai, auna ƙarar. Manhajar waya mai nuna yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, wato Hz, ta isa a matakin farko. Idan a zanen da manhajar ke nunawa ka ga tsini ɗaya ko biyu sun tsaya cak ƙasa da 200 Hz, akwai abin yi. Taransifoma na gurnani a ninki biyu na kaɗawar wutar lantarki, 100 Hz a layin 50 Hz, 120 Hz a layin 60 Hz. Fanka mai fukafukai 6 da ke juyi 1,450 a minti za ta ba da 145 Hz, wato juyi sau fukafukai a raba da 60. Idan kuwa ƙarar ta bazu ko'ina har sama da 500 Hz, kuɗinka ya fi amfani wajen toshe kafofin ƙofa da taga da ƙara wa bango nauyi. Ninka nauyin bango na rage ƙara da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Soson da ake mannawa a bango amsa-kuwwa kawai yake ragewa, ba ya hana ƙarar waje shigowa.

Dalilin wannan iyaka shi ne tsawon zango, wato nisan da sauti ke ci a kaɗawa ɗaya. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon 100 Hz ya kai mita 3.4, na 1,000 Hz kuma santimita 34. Gurbin shirun da lasifika ɗaya ke samarwa a kewayen makirfon da ke auna ragowar ƙara, inda ƙara ta sauka da desibel 10, faɗinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na zangon ne. A 100 Hz santimita 34 ke nan, ya ishi kan mai barci. A 1,000 Hz bai kai santimita 4 ba, kana juya kai ka fita daga ciki. A wajen gurbin ƙarar na iya ma ƙaruwa.

Saboda haka zaɓi inda za ka tare ta. Mafi kyau shi ne cikin bututun iska, domin sauti na bin hanya ɗaya. A bututu mai kusurwa huɗu mai faɗin santimita 30, hakan na ɗorewa har kusan 570 Hz, wato 343 a raba da ninki biyu na faɗin. Na biyu shi ne dab da injin: lasifikar da tazararta da tushen ƙara ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na zango ba tana rage abin da ke fita zuwa ɗakin gaba ɗaya. Na uku shi ne kewayen kan mutum, a gado ko kujera. Shirun ɗaki duka sai ga sauti mai kauri ƙwarai, inda ɗakin ke amsawa a 'yan matakan Hz ƙidayayyu. Ɗaki mai tsawon mita 4 na amsawa a 43 Hz, mai mita 5 a 34 Hz.

Kayan aiki guda biyar ne: na'urar da ke jin ƙara tun daga tushe (makirfon tushe), makirfon da ke auna abin da ya saura (makirfon saura), lasifika mai inci 10 ko 12 a rufaffen akwati, amfilifaya, da allon sarrafa sauti na DSP mai gudanar da lissafin FxLMS, wanda ke gyara kansa yana bin saura har ya ƙanƙance.

Jinkiri shi ne abin da ke kayar da yawancin masu gwadawa. Kowace milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, sauti ya ci santimita 34. Idan daga makirfon tushe zuwa fitar sauti a lasifika ana ɗaukar milisakan 3, dole tazarar makirfon da lasifikar ta wuce mita ɗaya, kuma gara a ba ta ɗaya da rabi. Kwamfuta ta yau da kullum na iya jinkirin milisakan 10 ko fiye, wato mita 3.4, ƙarar ta riga ta wuce. Bluetooth ba a ma maganarsa. Sauƙin da ke akwai shi ne ƙara mai maimaita kanta: tunda zagaye na gaba kamar na baya yake, jinkiri ba ya hana aiki. A nan ma gara a bar makirfon tushe, a ɗauko alama daga ma'aunin juyin inji ko ma'aunin girgiza da aka manna a jikinsa. Wannan na kawar da wata matsalar, wato makirfon tushe ya riƙa jin lasifikarka, tsarin ya kama kuwwa.

Wajen haɗawa, fara da gwada ko abin da na'urar tushe ke ji shi ne ke isa makirfon saura. Ana auna wannan dangantaka daga 0 zuwa 1. Idan 0.9 ce, iyakar ragin da za ka samu desibel 10 ne, sai ta kai 0.99 kafin a yi zancen 20. In ta yi ƙasa, ko dai akwai wani tushen ƙara da ba ka gano ba, ko iska ce ke kaɗa makirfon cikin bututu, sai a sa masa hular soso ko a ɓoye shi a ɗan aljihu a jikin bututun.

Daga nan kashe injin, ka sa allon ya tura shuuu ta lasifika na 'yan daƙiƙu domin ya koyi hanyar da ke tsakaninta da makirfon saura. Kada ka tsallake wannan. Idan abin da ya koya ya kauce wa gaskiya da fiye da digiri 90, wato kwata na kaɗawa ɗaya mai digiri 360, lissafin zai riƙa ƙara ƙarar maimakon rage ta. Sannan kunna injin, ka fara da ƙaramin taki na gyara, kana ɗagawa a hankali. Da ka ji sautin na hawa da sauka, ka wuce gona da iri, koma rabi. Sa wa amfilifaya iyakar ƙarfi tun farko, don ranar da lissafin ya ƙwace kada lasifika ta ƙone.

Daidaiton da ake nema ba na wasa ba ne. Ko ƙarfin sautukan biyu ya zo ɗaya, kuskuren digiri 18 a lokacin haɗuwarsu na tsayar da ragi a desibel 10, a digiri 60 babu ragi ko kaɗan, bayan nan ƙari ne har zuwa desibel 6.

Kada ka ajiye makirfon saura a tsakiyar ɗaki, domin nan ne amon farko na ɗakin, wato sauti mafi kauri da ɗakin ke amsawa, ke mutuwa, sai allon ya ga shiru alhali gefen bango na ruri. Kusurwa ta fi, ko kuma daidai inda kunne zai kasance. Ƙaramar lasifika da aka tilasta wa 50 Hz za ta haifi nata sautin a 100 da 150 Hz, waɗanda kunne ya fi ji, sai ma'auni ya nuna ragi mai ɗaki kuwa ya ce abin ya ƙaru. Buɗe ƙofa, matsar da kabad ko sauyin zafi, wanda ke ƙara gudun sauti da kusan mita 0.6 a daƙiƙa kan kowane digiri, duk suna canza hanyar da allon ya koya. In ragi ya ja baya bayan irin wannan sauyi, sake koya masa hanyar kafin ka zargi kayan.