Yadda ake ɗaukar hotunan zaman Alƙahira ga wanda zai daɗe

Duk shekara abu ɗaya nake gani. Yaro ya sauka Alƙahira, ko ɗalibin Azhar ne ko wanda ya rako mahaifinsa asibiti, cikin mako guda ya cika waya da hotunan dalar Giza da Kogin Nilu, yawancinsu ma fuskarsa ta tare rabin hoton. Daga nan sai ya daina. Bayan wata takwas ya koma gida, ƙannensa su ce yaya ɗakinka yake, me kake karyawa da shi, wa yake sayar maka da gurasa, ya lalubi wayar ya rasa abin nuna musu. Ga yadda nake koya wa sababbin zuwa.

Mataki na farko tun daga gida ne. Soket ɗin Masar mai rami biyu ne zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba, don haka ka taho da adafta. Katin ajiya kuma ka sayi biyu matsakaita maimakon babba guda ɗaya. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi ka bar shi a gida, doka ta hana shiga da shi ba tare da izini ba, kuma a filin jirgi za a karɓe. Kada ka ci bashi don sayen kyamara. Wayarka ta isa, in dai za ka riƙa goge gilashinta.

Na biyu, makonni biyun farko na unguwarka ne. Dala ta shekara fiye da dubu huɗu a wurinta, za ta jira ka. Abin da ba ya jira shi ne idonka na baƙo. A kwanakin nan ne kawai za ka tsaya kallon matar da ta zuro kwando da igiya daga hawa na biyar don mai shago ya saka mata kaya, da saurayin da ke tuƙa keke da faifan gurasa a kansa, da mai iskar gas yana buga sifana a jikin tukunya, da keken mai ful, wato dafaffen wake, da sassafe mutane sun kewaye shi suna ci a tsaye. Bayan wata guda duk waɗannan za su zama maka kamar mai shayin bakin layinku, ka wuce ba ka gan su ba. Ka ɗauki matattakalar gidanku, da makullin ɗakinka, da kwanon koshari (haɗin shinkafa da taliya da wake) na farko da ka ci, da tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Hoto ɗaya kullum daga taga ɗaya, a lokaci ɗaya. Ni wannan ba na sassauta wa kowa a kansa.

Na uku, mutane. Nan ne sababbi ke jawo wa kansu faɗa. A 2022 hukumomin Masar suka sanar cewa ɗaukar hoto na ƙashin kai a wuraren jama'a ba ya buƙatar takardar izini, amma an hana ɗaukar yara, babba kuma sai da yardarsa. Sojoji, 'yan sanda da gine-ginen gwamnati kada ma ka ɗaga waya wajensu, gadoji ma na fi son ka ƙyale su. Tarbiyyar da ka taso da ita ta wadatar: ka yi sallama, ka sayi abu, ka dawo gobe, ka dawo jibi. A rana ta huɗu ka ce "Mumkin sura?", wato ko zan iya ɗaukar hoto? In ya ce a'a, ka ce shukran, wato na gode, ka ci gaba da cinikinka kamar ba a yi ba. In ya yarda, ka nuna masa hoton nan take, ka kuma tura masa. Mace kuwa in ba 'yar uwarka ba ce, ka bar wa mata su ɗauke ta. A Giza da kasuwar Khan el-Khalili akwai masu gyara tsayuwa da kansu sannan su miƙo hannu a ba su bakshish, wato ɗan na goro, to ku daidaita kuɗin kafin ka danna.

Na huɗu, haske. Daga hantsi zuwa La'asar ranar Alƙahira tana wanke launi, gini ya fito fari fat, fuska ta yi duhu. Ka fita bayan Asuba ko bayan La'asar. Safiyar Juma'a ita ce ta Titin Mu'izz da ke tsohon gari, lokacin shaguna na rufe, ka taka har tsohuwar ƙofar gari ta Bab Zuwaila ka wuce rumfar masu ɗinkin tanti. Masallacin Ibn Tulun, wanda aka gama a 879, ya fi mini ko'ina: ka hau hasumiyarsa mai matakala ta waje, ka ɗauki rufin gidaje da shanya da ɗakunan tattabaru. Tsakanin Maris da Mayu iskar khamsin kan taso da ƙura irin ta hunturunmu, ranar ka saka kyamara a leda.

Na biyar shi ne wanda ya ƙona ni, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. A shekarata ta farko na sayi katin ajiya mai araha a wani ɗan shago, an rubuta babban adadi a jikinsa. Wata huɗu ina zuba hotuna, wayar tana nuna mini komai lafiya. Ashe jabu ne, cikinsa ƙarami, sababbin hotuna suna hawa kan tsofaffi suna cinye su. Ranar da na zo kwashewa a kwamfuta, sunayen suna nan, hotunan ba sa buɗuwa. Azumina na farko a garin yana ciki, da fitilun azumi da suke kira fanus da aka rataya a layinmu, da teburan buɗa-baki na sadaka a bakin titi, da dattijon mai gadin gidanmu wanda ya koma ƙauyensu kafin in sake ɗaukarsa. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Saboda haka duk katin da ka saya, ka cika shi taf da bidiyo tun ranar, ka buɗe na farko da na ƙarshe a kwamfuta, sannan ka yarda da shi. Kowane hoto ya zauna a wuri uku: a waya, a wani kati ko faifan ajiya da ke cikin akwatinka, da kuma intanet. Google na ba da gigabait 15 kyauta, amma tare da saƙonnin Gmail ake lissafa shi, kuma bidiyo ke cinye shi, don haka hotunan da ka zaɓa kawai za ka ɗora. Ka yi hakan da Wi-Fi na gida, datar waya tsada gare ta. Ka tsayar da rana guda, ni daren Alhamis ne, ba fashi. Kuma kada ka ce ai na tura wa Hajiya ta WhatsApp, yana wurinta. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, sai dai in ka tura shi a matsayin fayil, kuma ranar da wayarta ta cika jikoki za su goge. A daren ne za ka rubuta suna, wuri da kwanan wata, domin bayan shekara biyu ba za ka tuna sunan mai gugan layinku ba.

Gyara ba ya buƙatar dogon bayani. Ka miƙar da hoton in ya karkace, ka ɗan ƙara haske, ka ƙyale matatun launin nan masu mayar da sama ruwan lemo. Cikin goma masu kama da juna ka bar ɗaya. Mako guda kafin tafiya ka zaɓi hamsin ka kai situdiyo a wanke maka, wasu kwafi biyu, ka bi mai ful da mai shago da mai guga ka miƙa wa kowa nasa a hannu.