Don Allah a rage ƙona shara a unguwa

Jama'a barkanmu da warhaka. Wallahi abin nan yana damuna, yanzu da hunturu ya shigo Gombe ga ƙura ga hazo, sai kuma da magariba kowa ya cinna wa bolarsa wuta, ledar fiya wata da robobi har da tsohuwar taya, hayaƙin ba ya tashi sama saboda sanyi, nan yake kwanciya cikin ɗakuna mu kwana muna shaƙa. Yarona mai asma jiya bai runtsa ba.

Ku ware roba da gwangwani ku ba 'yan jari bola, har kuɗi za ku samu. Ɓawon kayan miya da ganye a binne a rami ya zama taki. Sauran a kai inda motar GOSEPA, hukumar tsaftar muhalli ta jihar Gombe, ke kwasa. In maƙwabci ya kunna, a rufe taga, a kawar da yara da tsofaffi daga wajen.