Yadda za ka horar da yara hoki na ƙanƙara ba tare da an bar kowa a baya ba

In ka ɗauki nauyin zama koci na sa kai a Kanada ko Amurka, abu na farko ka yi rajista da Hockey Canada ko USA Hockey, wato hukumomin da ke kula da wasan a ƙasashen biyu, za su binciki tarihinka kafin su bar ka da yara, kuma hakan daidai ne wallahi.

Kayan wasan nan akwai tsada, takalmin ƙanƙara, hular kwano, sanda, safar hannu, to ka roƙi iyayen da yaransu suka girma su kawo tsofaffin kaya a raba wa marasa hali tun kafin kakar wasa ta fara. Ƙananan yara kuwa raba musu filin gida biyu ko uku, ta haka kowa zai riƙa taɓa faifan roban da ake bugawa a madadin ƙwallo, ba wai gwanaye biyu su mamaye wasan ba. A riƙa canji akai-akai, mata da maza, kowa ya samu lokacinsa. Yaron da ba ya iya tsayuwa akwai hoki na zaune a kan sileji, wato 'yar kujera mai sulɓi a kan ƙanƙara, sanda biyu gajeru a hannu.

Wajen yabo kar ka tsaya kan mai cin ƙwallo kawai. Yarinyar da ta faɗi ta miƙe ta sake faɗuwa har ta iya birki yau, kira sunanta a ɗakin sauya kaya, a tafa mata gaban kowa.